Kafin A Kwance Famfo: Motar Dizal Da Ladan Mai Bincike

Duk wanda ya taɓa riƙe motar dizal, wadda a nan muke cewa mai shan man gas, maƙwabtanmu na Nijar kuma su ce mai gazuwal, ya san wani ciwo nata mai ban haushi. Ana cikin tafiya lafiya lau, da zarar an kama hawa tudu sai ƙarfinta ya soma ja da baya. Direba ya taka totur har ƙasa, ya ji kamar ya taka auduga. Ta fizga sau biyu ko uku, ta mutu. A zauna a gefen hanya kamar minti goma, a murɗa makulli, ta tashi garau kamar ba ita ba. A yi tafiyar kilomita ashirin, ta sake. A ra'ayina, mafi yawan dukiyar da ke salwanta a kan wannan ciwo gaggawar yanke hukunci ce ke cinye ta, kuma mu masu motocin muna da babban kaso a cikin laifin, domin mun saba biyan kuɗin ƙarfe da kuɗin gumi, amma ba mu yarda cewa tunani ma yana da lada ba.

Zan fara da abin da ya same ni, don kada a ce ina maganar abin da ban ɗanɗana ba. A ƙarshen daminar 2016 na tashi daga Kano zuwa Jos tare da iyalina, za mu bikin ɗiyar wani aminina. Motar tsohuwa ce 'yar Kwatano, irin mai famfon da, wadda ba ta da kwamfuta. Mun wuce Tudun Wada, mun shiga dajin Falgore da la'asar, sai ta fara wannan hali. Sau huɗu tana mutuwa kafin mu fita daga dajin. Wanda ya san Falgore ya san ba wurin da magidanci zai so ya tsaya da mata da yara rana tana faɗuwa ba ne. Da kyar da jiɓin goshi muka isa Jos cikin dare.

Washegari na kai ta wani gareji. Bakaniken bai hau ta ba, bai tambaye ni komai ba. Ya tayar da ita, ya bankaɗa mata wuta sau biyu, ya karkata kai ya saurara, sannan ya ce, "Alhaji, famfo ne." Aka kwance famfon da ke tura mai zuwa nozul, aka kai wurin masu saiti, na kwana uku a garin, na biya abin da ya kusa rabin albashina. A hanyar komawa gida, hawan farko da muka gamu da shi ta maimaita abin nata. A Kano wani ya ce nozul ne, aka sayo huɗu a Ƙofar Ruwa aka ɗaura. Bayan mako guda ta sake mutuwa, wannan karon a kan hanyar Zariya. An bar jaki ana ta dukan taiki, kuma aljihuna ne taikin.

Kafin in kai ga mutum na uku, ya kamata mai karatu ya san yadda wannan inji yake aiki, domin wanda bai san lafiya ba ba zai gane cuta ba. Injin ya samo sunansa daga wani Bajamushe, Rudolf Diesel, wanda ya yi nasarar tayar da shi yadda ya kamata a birnin Augsburg a shekarar 1897. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba ya bukatar filogi mai ƙyasta wuta. Fistin ne ke danne iska zalla a cikin silinda har ta takure, ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 zuwa 22 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500. A daidai wannan lokaci nozul ya feso mai laɓa-laɓa kamar hazo, man ya kama da kansa. Hita da ke jikin injin aikinta kawai ɗumama silinda da sanyin safiya, don haka wanda ya ɗora mata laifin mutuwar mota a tsakiyar tafiya ya nuna bai san sana'arsa ba. Ke nan abubuwan da injin dizal ke rayuwa a kansu ba su da yawa: mai tsarkakakke da ke isowa ba yankewa, da wadatacciyar iska, da ƙarfin dannewa a cikin silinda, sai kuma wutar lantarkin da ke ba mai izinin wucewa. Mota ba ta mutuwa sai ɗaya daga cikin waɗannan ya yanke. Aikin mai bincike shi ne ya gano wanne ne, kuma a wane wuri.

Mutum na uku dattijo ne da ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin manyan motocin ɗaukar gyaɗa. Bai taɓa sifana ba sai da ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini tambayoyi kamar alƙali. "Malam, in za ta mutu, ɗif take ɗaukewa, ko kuwa sai ta yi ta ja kamar mai shessheƙa?" Na ce ja take yi. "A hawa take yi ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya? Da kaya ko ba kaya? Tanki a cike ko ya yi ƙasa? Ka ga hayaƙi a madubi? Wane launi? In ta mutu nan take take tashi, ko sai ta huta?" Daga ƙarshe ya ce, "To, a ina ka sha mai kafin ranar da ta fara?" Nan na tuna cewa ana saura kwana biyu tafiyar Jos na sayi jarka biyu a hannun 'yan bumburutu saboda layi ya yi tsawo. Na ce, "Baba, ai babu wanda ya taɓa tambayata wannan." Ya yi murmushi bai ce komai ba.

A matsayina na mai nazarin harshe, tambayarsa ta farko ce ta fi ɗaukar hankalina. Mu masu mota mukan je gareji da kalma ɗaya tak, wato "ta mutu", alhali harshenmu yana da wadatar amsa-kama da aikatau da ke rarrabe mutuwa daga mutuwa. Motar da ta ɗauke ɗif, ba gargaɗi, tamkar an kashe makulli, mai yiwuwa wuta ce ta yanke mata. A tsofaffin motoci akwai wani ɗan bawul mai aiki da lantarki a jikin famfo, wanda in wayarsa ta saki yake rufe hanyar mai nan take. A sababbi kuwa akwai wata 'yar na'ura da ke sanar da kwamfuta juyawar injin, wadda kan daina aiki in ta ɗauki zafi, ta farfaɗo in ta huce. Wannan aikin mai rewaya ne. Motar da ta yi ta fizga tana shessheƙa kafin ta cika, ita yunwar mai ke damunta. Wadda kuwa ta yi sanyi, tana tafiya sumui-sumui amma ba ta mutuwa, tana tuttuɗo baƙin hayaƙi, wannan iska ce ta yi mata kaɗan: ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko tiyon tarbo ya tsage. Farin hayaƙi mai yaji a ido yana nuna man da bai ƙone ba, shuɗi-shuɗi kuma baƙin mai ne ke ƙonewa. Duk wannan ilimi yana cikin bakin mai mota, in dai an tambaye shi, kuma in ya iya zaɓen kalma. Rabin binciken ana gama shi a kan benci.

Akwai kuma dalilin da ya sa ciwon ke ɓuya a gareji ya bayyana a kan hanya. Injin da ke aiki a tsaye ɗan mai kaɗan yake sha, saboda haka ko hanyar man ta toshe rabi, abin da ke ɗiga ya ishe shi. Sai an ɗora masa nauyi, an kama hawa, sannan yake neman mai da yawa, toshewar ta tonu. Bakaniken da ya bankaɗa wa mota wuta a inuwar bishiya ya ce ya gano ciwo, ya yi kama da wanda ya duba doki a turke ya yanke hukunci a kan gudunsa.

Dattijon ya fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Ya tambaya ko na taɓa jin murfin tanki ya yi huci in na buɗe shi bayan ta mutu, domin in ƙofar numfashin tanki ta toshe, famfo kan yi ta zuƙa har ya rasa abin zuƙa. Na ce a'a. Ya sa yaronsa ya kwance ƙasan filtar mai, ya tsiyaye abin da ke ciki a cikin wata farar kwalba, ya ajiye ta a rana. Kafin a jima ruwa ya kwanta a ƙasa da baƙin gari-gari, man ya taso sama. Na yi zaton magana ta ƙare, na ce a sayo filta in tafi. Ya ce, "Malam, wannan shaida ce, ba a kai ga hukunci ba tukuna. Dattin nan daga wani wuri ya zo."

Abin da ya yi bayan nan shi ne dalilin wannan rubutu. Ya sa sabuwar filta, sannan ya ɗauko galan mai tsabta ya cika shi da man da ya yarda da shi. Ya zare tiyon da ke kawo mai daga tanki, ya haɗa wani ya tsoma a cikin galan ɗin, ya kuma tsoma tiyon da ke mayar da rarar mai, don kada galan ya ƙare cikin 'yan mintoci. Ya fitar da iskar da ta shiga, ya cika motar da yaransa huɗu don ta ji nauyi, muka hau titi. Mun yi tafiyar kusan kilomita talatin da gudu, ba ta ko yi tari ba. Muka tsaya, ya mayar da tiyon tanki, muka juyo. Ba mu yi nisa ba ta fara shessheƙar nan. Da galan guda da tiyo biyu ya raba motar gida biyu: ya wanke famfo da nozul da injin baki ɗaya daga zargi, ya tsare laifin a tsakanin tanki da filta. Da aka sauke tankin, sai ga rariyar da ke bakin bututun zuƙo mai ta lulluɓe da wani baƙin abu mai yauƙi kamar kuka, ga ruwa kwance a ƙasa, ga tsatsa.

Bayanin kuwa mai sauƙi ne. Ruwa ya fi dizal nauyi, don haka yana kwanciya a gindin tanki. A iyakar da ruwa da mai suka haɗu akwai ƙwayoyin halitta da ke rayuwa suna hayayyafa, su ne ke haifar da wannan yauƙi. In famfo ya zuƙa da ƙarfi a kan hawa, sai dattin ya taru ya manne a jikin rariya ya shaƙe ta. In injin ya mutu, zuƙa ta tsaya, dattin ya saki ya koma ƙasa, hanya ta buɗe. Hutun minti goman nan da nake ɗauka mota ce ke hucewa, ashe datti ne ke kwanciya.

Da na tambaye shi kuɗinsa, sai ya lissafa kuɗin filta da ladan yaran da suka sauke tanki suka wanke. Tambayoyin da galan ɗin, wato ainihin aikin, bai sa musu ko sisi ba. Wanda ya kwance mini famfo mai lafiya ya karɓi ninki goma na abin da wannan dattijo ya nema. A nan ne nake ganin tushen matsalar. A asibiti mun yarda mu biya kuɗin ganin likita da na gwajin jini kafin a rubuta magani. A gareji kuwa ladan bakanike yana rataye ne da girman abin da ya kwance. Wanda ya ɓata awa biyu yana bincike ya gano cewa tiyo ne ya tsage, mai mota zai miƙa masa kuɗin goro yana cewa ai ba wani aiki ya yi ba. Wanda ya sauke injin ya baje ƙarafa a tabarma, shi ake kallo a matsayin gwani. Mun kafa tsarin da ke hukunta mai tunani, yana saka wa mai shaci-faɗi, sannan mu koma majalisa muna zagin makanikai.

Wani zai ce ai zamani ya wuce galan da tiyo, yanzu kwamfuta ake jonawa ta faɗi ciwo. Gaskiya ne motocin sun canza. Tun daga 1997, lokacin da motar Alfa Romeo 156 ta fito da tsarin da kamfanin Fiat ya ƙirƙira, Bosch kuma ya ƙera, mafi yawan ƙananan motocin dizal suna tara mai ne a cikin bututu guda na tarayya, kwamfuta tana buɗe kowane nozul a lokacinsa. Matsin man da ke cikin wannan bututu a farkon fitowarsa ya kai wajen ninki 600 na iskar da ke cikin tayar mota, a na baya-bayan nan kuma yana kusantar ninki 1,000. Irin waɗannan motoci ba sa haƙuri da ruwa ko ƙura ko kananzir ɗin da marasa tsoron Allah ke surka mai da shi, domin man da kansa shi ne ke sa wa famfo santsi. Sannan tun daga dokokin hayaƙi na Turai na 2009, suna zuwa da matatar toka a cikin salansa, wadda aka ƙera don man da sinadarin farar wuta a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoton da ya nuna ana sayar wa ƙasashen Afirka dizal mai ɗauke da ninki ɗaruruwa na wannan adadi, kuma sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan. Motar da aka yi wa irin wannan ciyarwa, ko wadda ba ta fita daga cunkoson cikin gari, matatarta kan toshe, kwamfuta ta rage mata ƙarfi da gangan don ta kare injin.

Duk da haka, na'urar bincike alama take faɗa, ba ta faɗar dalili. Akwai wata lamba da take yawan nunawa a irin wannan ciwo, P0087, ma'anarta matsin mai a cikin bututu ya yi ƙasa. To, me ya sa ya yi ƙasa? Yana iya zama filta, ko ƙaramin famfon cikin tanki, ko iska da ke shiga ta wata tsaga, ko nozul guda da ke mayar da mai fiye da ƙima, ko bawul mai daidaita matsi, ko ma ma'aunin da kansa ne ke ƙarya. Babban famfo shi ne na ƙarshe a jerin, kuma shi ne mafi tsada. Na sha ganin samarin da suka sayi na'urar, su karanta lamba, su ce a sayo babban famfo. Tsohon shaci-faɗin ne ya sake hula. Wanda ya iya aikin zai hau motar da na'urar a jone, ya dubi matsin da kwamfuta ke nema da wanda take samu a daidai lokacin da ƙarfi ke raguwa, ya auna man da kowane nozul ke mayarwa a cikin 'yan kwalabe, ya sa farin tiyo ya duba ko kumfa na wucewa. Hanyar dattijon nan ce dai: a raba ciwo gida biyu, a fara da mai arha.

Akwai kuma masu cewa tsohon hannu ba ya bukatar duk wannan, kunnensa ya isa. Ban musanta cewa hasashen gogagge yakan dace sau da yawa ba. Amfaninsa shi ne ya nuna inda za a fara gwaji. Amma tsakanin hasashe da sayen kayan dubban nairori dole a sami gwaji guda da zai iya ƙaryata hasashen. Da bakaniken Jos ya yi gwajin galan, da cikin awa ɗaya ya san famfona lafiyarsa ƙalau, sai dai kuma da ya rasa aikin kwana uku, ni kuma da na sallame shi da kuɗin shayi. Ban wanke shi ba, amma na fahimci abin da ya tura shi.

Shi ya sa nake ganin ya dace ƙungiyoyin makanikai su tsayar da kuɗin bincike a matsayin lada mai zaman kansa, wanda za a biya ko an canza wani abu ko ba a canza ba, mu kuma mu biya da daɗin rai. A madadin haka, mai mota yana da haƙƙin ya tambaya, cikin ladabi, wane gwaji ne ya nuna wannan abu ne ya lalace, kuma a ba shi tsohon da aka cire ya tafi da shi. Da yawa daga cikinku, ɗalibai, za a tura ku garuruwan da janareton makaranta da injin niƙa da famfon ban-ruwa duk dizal suke sha, kuma watarana kuɗin iyayen yara ne za a ce ku sa hannu a fitar don gyaran motar makaranta. Waɗannan tambayoyi biyu za su yi muku amfani a ranar.

Ba zan bar maganar ba sai na faɗi abin da ya shafi rai. In injin ya mutu mota tana gudu, sitiyari yakan yi nauyi, birki kuma taku ɗaya ko biyu ya rage masa kafin ya sandare, domin injin ne ke ba su taimako. Kada direba ya yi ta famfa birki yana ɓarnatar da wannan ɗan saura, kada kuma ya zare makulli, don sitiyari zai iya kullewa. Ya kunna fitilun gargaɗi, ya gangara gefe tun motar tana da sauran gudu. Kada ya yi ta murɗa makulli har batir ya ƙare. A sababbin motoci kuma, kada kowa ya sassauta bututun nozul injin yana aiki, kamar yadda aka saba yi wa tsofaffi don fitar da iska. Man da ke fita da wancan matsi yana huda fata ya shiga nama, kuma yana iya kai mutum ga rasa hannu.

Bayan wata guda, da na je Jos na dawo motar ba ta yi ko gyaran murya ba, na koma wurin dattijon da abin da na ga ya dace da aikinsa a cikin ambulan. Ya buɗe, ya ƙirga, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan na mene ne? Ai ban canza maka komai ba in ban da filta." Sai da na haɗa shi da girman Allah sannan ya karɓa, ya raba wa yaransa rabi. Tsofaffin nozul ɗin nan huɗu da aka cire mini kuwa, ya ce in kawo a gwada, aka gwada su a gabana, kowanne yana fesa mai yadda ya kamata. Suna nan a cikin kwali a ɗakin ajiyata.